Yafiya a Ɗakin Likita: Gaskiya da Jita-jita

A zaman makoki a Kankiya ko Kusada, kafin wanda aka cuta ya share hawaye, an cika masa kunne da "yi haƙuri, bar wa Allah." To, da wannan kunnen mutane ke sauraron labarin cewa likitocin ƙwaƙwalwa na amfani da yafiya wajen jinyar damuwa, shi ya sa maganganu suka yi yawa.

Wadda ta fi yawo ita ce wai likita zai matsa maka ka yafe wa wanda ya kashe maka ɗan'uwa ko ya kore maka shanu. Ba haka ba ne. Robert Enright na Jami'ar Wisconsin a Amurka, wanda ya fara wannan bincike a 1985, ya gina tsarinsa a kan zaɓin majinyaci, kuma matakin farko shi ne mutum ya fito da fushinsa fili, ya kira zaluncin da sunansa. A gwajin da ya yi da Suzanne Freedman a 1996, matan da danginsu suka ci zarafinsu sun ɗauki kimanin wata 14 kafin su kai ga yafewa. Everett Worthington kuwa, mai tsarin yafiya na REACH, ɓarawo ya kashe mahaifiyarsa a gidanta yana tsakiyar wannan aiki. Ba mutumin da zai raina zafin rashi ba ne.

Ta biyu ta fi haɗari, don tana da kamar gaskiya: wai yafiya ita ce sulhu, wanda ya yafe ya janye ƙara kenan. Ba abin mamaki ba ne a ruɗe, tunda Katsinawa sun ga afuwar da gwamnatin Masari ta yi wa 'yan bindiga a 2016 da 2019, suka kuma ga an kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020. Amma wancan ciniki ne na hukuma. Abin da ake yi a ɗakin likita sauke ƙullin zuciya ne, don barci ya dawo. Matar da ta yafe wa tsohon mijinta ba dole ta koma gidansa ba, kuma tana iya bin kuɗin ciyar da 'ya'yanta a kotu. Shari'a ma tuntuni ta bar wa magadan wanda aka kashe zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, ba ta kira wanda ya ce "Allah ya isa" mai raunin imani ba. Mu ne muka mayar da haƙuri dole.

Cewa kuma abin na marasa addini ne, ko na masu addini kaɗai, duk biyun ba su tsaya ba. Mark Rye da Kenneth Pargament sun gwada a 2002: rukuni ɗaya da addini a cikin darasin, ɗaya babu, sakamakon ya zo kusan ɗaya, har waɗanda ba a yi musu zancen addini ba suka riƙa jingina da imaninsu da kansu.

Yana magani? E, da iyaka. Bitar bincike 54 da aka wallafa a 2014 ta nuna raguwar damuwa da fargaba, kuma gwargwadon lokacin da aka ba abin, gwargwadon amfaninsa.  Ba ya kuma maye gurbin magani.

Idan ɗan'uwanka ya dawo daga hannun 'yan bindiga a daji yana firgita cikin dare, ya daina cin abinci, ko yana zancen mutuwa, ajiye wa'azin yafiya tukuna. Kai shi Babban Asibitin Kankiya, ka nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.