Sanarwar da Ba Ta Isa Kunnen Makaho

A Safo, kamar sauran garuruwan Madarunfa, yawancin labarai ta salula suke isowa yanzu: ranar rigakafin yara, farashin gero da wake a kasuwar Maraɗi, kiran taron manoma, ɗaurin aure da rasuwa. Sai dai ba kowa suke isa gare shi ba, kuma sau da yawa laifin ba na wayar ba ne.

Mutane da yawa ba su san babbar wayar da ke aljihunsu tana iya yi wa makaho karatu ba. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver tun 2009. Makaho zai shafa gilashin da yatsa, murya ta faɗa masa abin da ya taɓa, ya ƙwanƙwasa sau biyu ya buɗe. A kwamfuta akwai NVDA, wadda makafi biyu ƴan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina, kuma kyauta ake sauke ta. Wanda ya saba miƙa wa ɗan jagora wayarsa, har da lambar sirrin kuɗinsa, shi ya san darajar wannan.

To amma muryar nan haruffa take karantawa. A nan gizo ke saƙar. Al'adarmu ita ce a buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a danna hatimi, a ɗauke ta hoto, a watsa a WhatsApp. Mai ido ya karanta ya wuce. Makaho kuwa, wayar ta ce masa "hoto", ta ja bakinta. Akwai manhajoji irin su Lookout da ke ƙoƙarin tsamo rubutu daga hoto, amma takardar da aka ɗauka a karkace, cikin inuwa, takan gagare su. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da jagoranta kan wannan tun 1999, kuma abin da ta sa a sahun gaba shi ne duk hoto da sauti su zo da bayaninsu a rubuce. Da mai aikawa zai rubuta layi uku a ƙarƙashin hoton, ya faɗi rana, wuri da lokaci, da magana ta ƙare.

Saƙon murya ya yi wa makafi rana, da ma duk wanda bai yi lakwal ba. Kurma fa? Shi a wurinsa ƙofa ce aka rufe. Rubutu ma ba kullum yake fisshe shi ba, domin kurame da yawa a karkara ba a sa su makaranta ba. Harshensu maganar hannu ce, irin wadda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000. Kiran bidiyo ne ya dace da su, shi kuma cin kuɗi gare shi.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Asibitin Danja, kudu da Maraɗi, ya daɗe yana jinyar kuturta, cutar da ke kashe jijiyar yatsu har mutum ya daina jin abin da ya taɓa. Ƙananan maɓallan da ke cunkushe a gilashi azaba ne ga irin wannan hannu. Abin da ya fi masa shi ne ya yi magana waya ta rubuta, kuma a 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake iya yin hakan da su.

Ta fuskar doka Nijar ba ta makara ba: ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta yi tata dokar a 2019, sannan a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka muryar da ke yi wa makahon Safo karatu galibi ta Faransanci ce ko Turanci, idan ta ci karo da ƙ, ɗ ko ɓ sai ta dagula kalmar. Na'ura ba ta gane harshe sai an ciyar da ita da muryoyin masu shi. Shirin Common Voice na Mozilla yana tara irin waɗannan muryoyi, Hausa na ciki, kuma Katsinanci da Gobirancin Maraɗi za su shiga ne gwargwadon yawan mutanen yankin da suka karanta jimloli aka naɗa.