Tashar Jirgin Ƙasa ta Zariya

Kowa ya san hanyar kasuwar Sabon Gari ya san tashar jirgin ƙasa ta Zariya. Da yawa daga cikinmu mukan wuce ta gabanta ba tare da mun ko waiwaya ba, alhali kuwa ita ce ta haifi unguwar da muke takawa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu taƙaitaccen tarihinta da irin aikin da ta yi wa jama'a.

A shekarar 1907 ne, zamanin Gwamna Girouard, Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. Aikin ya iso Zariya a 1911, a shekarar kuma ya kai Kano. Sarkin Zazzau a lokacin shi ne Aliyu Ɗan Sidi. Ba a yi aikin da injuna irin na yau ba. Talakawa aka riƙa tarowa daga ƙauyuka ta hannun hakimai, suna sara da diga, suna ɗaukar ƙasa a kwando. Shi ya sa ake kiransa aikin diga, har Sarkin ma ya tsara waƙa a kansa, wadda aka sani da Waƙar Diga. Duk ƙarfen da muke gani kwance a tashar nan, da gumin kakanninmu aka fara share masa wuri.

Abin da ya ɗaukaka tashar Zariya shi ne zamanta mahaɗa. Babban layi ya taso daga Ikko, ya bi ta Kaduna, ya ratsa ta nan zuwa Kano. Na biyu shi ne ɗan siririn layin da aka ja zuwa Jos da Bukuru, aka gama a 1914, don kwaso kuza. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, shi kuwa babban layi ƙafa uku da rabi, saboda haka tilas a sauke kaya a Zariya a sake lodi. An rufe shi a 1957. Na uku shi ne wanda ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Ta nan auduga da gyaɗa da fatu suka riƙa gangarowa zuwa bakin teku.

Jirgi kuwa ba kaya kaɗai ya kawo ba. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa sun zo daga kudu da sauran wurare, aka ba su wurin zama kusa da tasha, nesa da ganuwar birni. Wannan shi ne asalin Sabon Gari. Su ne suka gina majami'u da makarantu da yawa a unguwar, ga kuma masallatai kusa da su, ga kasuwa ɗaya ta haɗa kowa.

To, wane aiki tasha take yi a wancan zamani? Na farko shi ne ɗaukar fasinja. Mutum ya yanki tikiti a taga, mai hali ya shiga faskila, mai ƙaramin ƙarfi ya shiga inda aljihunsa ya kai. Na biyu shi ne kaya. Akwai sito da sikeli, a auna, a rubuta takarda, 'yan dako su loda a tarago. Dabbobi ma suna da nasu taragun. Na uku, a da buhunan wasiƙu da jaridu a jirgi suke zuwa. Bayan waɗannan akwai masu kula da sigina da masu juya dogo, waɗanda kuskurensu ɗaya ya isa ya jawo asarar rayuka, da kuma makanikai a loko. A zamanin da, da kwal ɗin Inugu jirage ke tafiya, daga baya aka kawo masu shan man dizal. Tun 1955 kuma Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ke riƙe da wannan aiki duka.

Daga baya al'amura sun ja baya. Tituna suka yawaita, manyan motoci suka ƙwace kaya, rashin gyara ya sa jirgi ya daina zuwa a kan lokaci, har fasinjoji suka guje shi. An gyara layin Ikko zuwa Kano aka sake buɗe shi a ƙarshen 2012, amma hada-hadar ba ta koma kamar da ba.

Mu dai abin da muka gani shi ne, tarago ɗaya yakan ɗauki abin da zai cika babbar mota, jirgi ɗaya kuma yakan ja taragu masu yawa. In dogo ya mutu, titi ne zai sha nauyin, talaka kuma ya biya kuɗin. Don haka muna kira ga hukuma ta kula da wannan tasha, mu kuma jama'a mu daina zuba shara a kan dogo, mu hana masu kwance ƙarafansa. Kayan gado ne, in ya lalace a hannunmu ba mu da abin da za mu faɗa wa na baya. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.