Daga Kabong zuwa ofisoshin Abuja: nauyin kalmar “ɗan daudu” a baki da a takarda

A Kabong, unguwar da ke ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, Hausa ce harshen kasuwa da na tasha. A Gada Biyu mutum zai ji Berom da Anaguta da Ngas da Ibo suna ciniki da ita, suna raha da ita, in rai ya ɓaci kuma su yi zagi da ita. Cikin zagin da ya fi saurin fita akwai “ɗan daudu”, wanda ake jifan duk namijin da aka ga ya cika sanyin murya ko rangwaɗa. Hausar Filato ba ta cika kula da bambancin “kai” da “ke” ba, saboda haka a can kalmar ita kaɗai ke ɗaukar nauyin da a Kano wakilin suna ɗaya kan ɗauka.

Kalmar ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma asalinta ba zagi ba ne. Daudu laƙabi ne na sarauta, masana kuma suna danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori. 'Yan daudu maza ne masu kwaikwayon mata a magana da tafiya, waɗanda aka sani da sayar da abinci a tashoshin mota, da hidimar biki, da zama a gidajen mata masu zaman kansu. Rudolf Gaudio, masanin harshe ɗan Amurka da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna a littafinsa Allah Made Us na 2009 cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, kuma ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba. Ya kuma rubuta cewa masu neman maza kan kira junansu “masu harka”, kalmar da baƙo zai ji ya wuce bai gane komai ba.

Sauran kalmomin sun fi wannan kaifi. “Luwaɗi” daga Larabci ta zo, tana komawa ga sunan Annabi Luɗu, abin da ya sa wasu malamai suka fi son a ce “aikin mutanen Annabi Luɗu”, don kada a jingina sunan Annabi ga abin da ya yi hani a kansa. “Maɗigo” ita ce ta mata. Waɗannan biyun suna nuni ga aiki, alhali daudanci yana nuni ga ɗabi'a da sana'a. Finafinan barkwanci irin Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa sun sa jama'a dariya, amma a bakin matasan yau kalmomin sun cakuɗe har an daina rarrabe su.

A wasu ƙasashe, waɗanda ake zagi sun karɓe zagin sun mayar da shi suna. A Amurka kalmar “queer”, mai ma'anar bauɗaɗɗe, ta shafe shekaru tana cin mutunci, har zuwa 1990 da wata ƙungiya a New York ta raɗa wa kanta Queer Nation. A Yuganda kalmar “kuchu” ta zama sunan da suke kiran kansu. Muhawarar ba ta ƙare ba ko a can. Masu goyon baya na cewa zagin da mutum ya ɗauka da hannunsa ya rasa dafi. Dattawan cikinsu, waɗanda aka taɓa duka ana furta kalmar, suna cewa tabon bai goge ba, kuma bare bai da izinin furta ta.

A Najeriya lissafin ya bambanta, domin kalmar na iya zama shaida a kotu. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko tallafa mata. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ake aiki da shi a Abuja, ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan gararamba a sashe na 405. Jihohi 12 kuma suna da dokokin Shari'a masu hukunci mafi tsanani. Wanda ya ce zai ɗauki irin wannan suna a fili ya yi alfahari da shi, tamkar ya rubuta wa kansa takardar tuhuma ne. Shi ya sa kalmomin ɓoye suka fi yaɗuwa.

Nauyin bai tsaya kan wanda aka kira ba, yana hawa kan mai kiran. Ɓata suna laifi ne a Penal Code. A fiƙihun Malikiyya kuma, jifan mutum da luwaɗi ba tare da shaidu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80. A gari irin Jos, inda jita-jita ta sha tayar da tarzoma, kalma ɗaya a bakin kasuwa na iya tara wa mutum gungun masu duka kafin 'yan sanda su iso.

Ma'aikatan tarayya sun ga misalin haka a Yulin 2024, lokacin da wani rahoto kan yarjejeniyar Samoa ya jawo huɗubobi da zarge-zarge, har ministocin yaɗa labarai da na kasafi suka fito suna musanta cewa Najeriya ta amince da auren jinsi. Duk mai fassara sanarwa ko rubuta wa maigidansa jawabi da Hausa yana fuskantar zaɓi irin wannan. “Masu neman jinsi” bayani ne, “'yan luwaɗi” tuhuma ce, “'yan daudu” kuma wani rukuni ne dabam mai tarihinsa. Jami'in da ya musanya ɗaya da ɗaya a takardar gwamnati zai iya ɗora wa mai tuyar ƙosai a tasha laifin da babu wanda ya tabbatar a kansa.