Gargaɗi Ga Masu Bi Na Mafara, Bakura Da Maradun Kan Ambaliyar Saƙonnin Waya

'Yan'uwa cikin Almasihu, daga Talata Mafara har Ruwan Gizo, da na Bakura da Maradun, ina roƙo a karanta wannan a zumuntar mata da taron matasa kafin Lahadi mai zuwa. Saƙonnin da ke kwarara cikin zaurukanmu na WhatsApp sun fi ƙarfinmu. Sun taɓa lafiyarmu da addu'armu, yanzu sun kai ga tsaron rayukanmu.

Uwa ta farka da asuba, kafin ta gode wa Ubangiji ta laluɓo waya a ƙarƙashin matashi. Ga bidiyon gawawwaki, ba sunan gari, ba ranar da aka ɗauka. Ga saƙon murya wai an ga babura sun doso gari. Ga wani mai kiran kansa annabi yana cewa a tura wa mutum goma ko masifa ta sauka. Gabanta ya faɗi, ta hana yara zuwa makaranta, koko ya huce a kwano ba ta sha ba. Sai da rana a gano bidiyon tsoho ne, na wata ƙasa ma. A Littafin Ayuba, masu kawo mugun labari huɗu ne, wani bai rufe baki ba wani ya shigo, kuma yini ɗaya abin ya faru. Mu kullum ne, da hannunmu kuma muke buɗe musu ƙofa.

Ba cewa nake a jefar da waya ba. Mun ɗanɗana rashinta a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara zamanin gwamna Bello Matawalle, mutane suka riƙa tafiya har Sakkwato ko Funtuwa don jin muryar ɗan'uwa. A yankin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun shekarar, labari na gaskiya a kan lokaci yana ceton rai. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan. Idan kullum ana ihun ga su nan, ba kowa, ranar da ɓarayin daji suka zo da gaske mutane za su leƙa saƙon su ci gaba da barci.

Mun kuma san abin da maganar da ta riga bincike isa gari take jawowa. A Agustan 2016 mutum takwas suka rasa rayukansu a Talata Mafara bayan zargin ɓatanci da aka yi wa wani ɗalibi. A Mayun 2022 aka kashe Deborah Samuel a Sakkwato kan saƙon murya da ta saka a zauren 'yan ajinsu. Alhakin jinin nan yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, babu abin da zai wanke su. Amma iyaye, ku zaunar da yaranku ku gaya musu zaure ba ɗaki ba ne. Abin da aka faɗa can yakan fita, a yanke shi, a ƙara masa gishiri. Mu ma idan muka tura wa juna ƙarya game da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda ɓarayin daji ke kashewa suna sacewa kamar yadda suke yi mana, mun yi shaidar zur, ko da ba mu muka ƙirƙire ta ba.

Saboda haka daga yau, saƙon da ba ka san wanda ya fara faɗarsa ba, ba gari ba rana, ya tsaya a wayarka. Idan batun hari ne, kira wani da ke wurin, ka sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro. Hoton gawa kada ya shiga zauren ikilisiya, mamacin nan ɗan wani ne. Wanda aka sace, kada a baza sunansa da yawan gudummawar da aka tara, don ba mu san iyakar idon da ke karantawa ba, kuma masu kai wa ɓarayi rahoto suna cikin gari.

Ku rage zauruka. Wanda bai ƙare ku da komai ba sai faɗuwar gaba, ku fita, ba laifi ba ne. A kashe data lokacin addu'ar iyali da lokacin sujada. Abin yana yi mini ciwo in ga fasto na wa'azi, kawuna sun sunkuya, hasken waya na fitowa daga tsakanin shafukan Littafi Mai Tsarki. Yesu kansa yakan janye daga taro ya keɓe don addu'a, alhali masu bukata na nemansa.

Dattawan ikilisiya, ku zauna kan wannan a makon nan. Kowace majami'a ta fitar da mutum biyu masu natsuwa da za su riƙa tantance labarin tsaro kafin ya shiga zaure, a sanar da su daga bagade, kowane gida ya ajiye lambarsu, har da gidajen da ba su da babbar waya.