Zaɓen Motar Iyali a Ƙasar Noman Rani: Nazari Daga Kura da Bunkure

Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda jama'a suka fi sani da sunan Kadawa, ya ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, yana kuma samun ruwansa ne daga madatsar Tiga da aka kammala a shekarar 1974 a zamanin mulkin Audu Baƙo. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da manyan hanyoyin ruwan da ƙananansu, waɗanda suka mai da dubban kadada gonakin shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara. Wannan tsarin noma ya shafi yadda mutanen yankin suke samun kuɗi da yadda suke kashe shi, domin haka batun sayen motar iyali a nan yana da wasu sharuɗɗa da ma'aikacin albashi na cikin birnin Kano bai cika damuwa da su ba.

Sharaɗi na farko shi ne kuɗin manomi a dunƙule yake zuwa, wato a lokacin da aka casa shinkafa ko aka kwashe tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan, alhali mota kullum take ci. Kuɗin sayenta sau ɗaya ake biya, galibi a daidai lokacin da aljihu yake da nauyi, amma fetur da juyen baƙin mai da taya da sabunta takardu suna nan suna jira a watannin da jarin gida yake kwance a gona cikin taki da iri da maganin feshi da ladan ma'aikata. Shekarar noma ma ba tabbas gare ta ba, kamar yadda aka gani a 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da maƙwabtanta, har kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya tsayar da aiki ba da jimawa da buɗe shi ba. Motar da ta dace da magidancin wannan yanki ita ce wadda zai iya riƙewa a shekarar da amfani bai yi kyau ba, ba wadda zai iya saye a shekarar da kaka ta yi albarka ba, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan motoci biyu ita ce ta sa ake ganin manyan motoci a jingine a ƙofar gidaje, tayoyinsu sun sace, ƙura ta rufe gilasansu.

Nauyin riƙon mota ya ƙaru matuƙa tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yuni na 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta zarce 1,500 a farkon shekarar da ta biyo baya, kuma da yake kusan duk motocin da ake hawa da kayan gyaransu daga waje ake shigo da su, harajin kwastam ma da dala ake lissafa shi, sai farashin mota da na ƙarfen da za a sa mata suka tashi tare. Hatta inshorar dole, wadda take biyan diyyar wanda aka yi wa ɓarna, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023.

Batun fili, wato yawan mutanen da mota za ta ɗauka, shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma kuskuren daga kyakkyawar niyya yake tasowa. Gidan manomi a Kura ko Bunkure yakan haɗa matan aure biyu ko fiye, da 'ya'ya, da tsohuwa, da 'ya'yan 'yan'uwa da ake riƙo, saboda haka idan mai gida ya zauna lissafi sai ya ƙirga kowa da kowa, ya ga babu abin da zai ishe shi sai bas. To amma ranakun da gida duka yake tashi lokaci guda ba su da yawa a shekara: Sallah ƙarama da babba, bikin dangi, gaisuwar mutuwa, rakiyar mahajjaci. Sauran ranakun kuwa, abin da ake yi da mota shi ne kai mai ciki awo, da kai mara lafiya asibitin Kura ko na Murtala a cikin birni, da ziyarar yara a makarantar kwana, da cefane, waɗanda duk ba su wuce mutum uku zuwa biyar ba. Wanda ya sayi mota mai kujera takwas domin kwana goma na shekara zai riƙa biyan man kujerun da babu kowa a kansu a duk sauran kwanakin, alhali ɗaukar shatar bas a ranar biki, wato hayarta gaba ɗaya na yini guda, bai kai ko kusa da wannan kuɗi ba.

Duk da haka akwai gidajen da babbar motar ce ta dace da su, kuma a nan zaɓin da ke kasuwa bai wuce kaɗan ba. Toyota Sienna tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, ƙofofinta na baya ja ake yi su zame, abin da yake sauƙaƙa wa tsofaffi da masu goyo shiga da fita, tana da laushin tafiya, sanyin na'urarta kuma yana kaiwa kujerun baya. Aibinta shi ne galibin waɗanda ake samu injinsu mai silinda shida ne, girmansa daga lita 3.0 zuwa 3.5 gwargwadon shekarar ƙira (silinda ita ce ramin da mai yake ƙonewa a ciki, kuma yawansu da girmansu ne ke nuna ƙarfin inji da yawan shansa). A tafiyar Kura zuwa Kano da dawowa, wadda take tsakanin kilomita 60 zuwa 70, Corolla mai injin lita 1.8 za ta sha wajen lita biyar zuwa shida, Sienna kuwa takwas zuwa tara, kuma idan aka ninka wannan bambanci da yawan zirga-zirgar wata, sai ya zama kuɗin buhun taki. Volkswagen Sharan, wadda kowa yake kira Sharon, da tagwaininta Ford Galaxy, suna da kujera bakwai, na baya ana iya cire su, mai injin lita 2.0 daga cikinsu ba ta kai Sienna sha ba, kuma da yake ita ce dokin 'yan haya a hanyar Zariya da Kaduna, babu garejin da ba a san cikinta ba. Sai dai wannan farin jini nata ne ke sa yawancin waɗanda ake sayarwa sun riga sun sha wuya a tasha. Golf mai dogon baya, wadda aka fara ƙerawa tun 1993, ita ce mafi sauƙin kuɗi da gyara, amma tsufa ya cim mata, jin daɗi kuma ba shi ne abin da ake nema a wurinta ba. Tsakanin waɗannan akwai Pontiac Vibe da Toyota Matrix, waɗanda injin Corolla ne a cikinsu amma bayansu a buɗe yake, ga kujerun baya da ake kwantarwa, kuma ga gidan da bai wuce mutum biyar a tafiya ba, da wuya a sami wadda ta fi su daidaita fili da tsimin mai.

Akwai wata jaraba da ta keɓanta da ƙasar noma, ita ce mai da motar iyali akori-kura, wato motar ɗaukar kaya. Ƙaramar mota an ƙera ta ne ta ɗauki nauyin da bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba, har da mutanen da ke ciki, kuma manya biyar kaɗai sun kai kilo 350. Buhun taki kilo 50 ne, buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, yana kusan ninka haka. Idan aka cusa buhu uku a but, aka ɗora injin ban-ruwa, sannan iyali suka shiga, bayan motar yakan zauna, fitilunta su kalli sama, birki ya ƙi kamawa da wuri, shokabzoba kuma, wato ƙarfen da yake shanye girgizar hanya, ya fara zubar da mai. Wasu suna kai mota wurin maƙera a ƙara mata ƙarfin sifirin domin ta jure lodi, abin da yake kashe laushin da aka saye ta dominsa, ba kuma ya ƙara wa birki ko taya ƙarfin komai. Kurkura da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya suna nan a kowane gari na yankin, kuma ladansu bai kai kuɗin gyaran ƙafar mota ba.

Hanya ita ce alƙali na gaba. Titin Kano zuwa Zariya da ya ratsa Kura yana cikin aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano da aka bayar a ƙarshen 2017, kuma wanda gidansa yake bakin wannan titi kowace irin mota za ta yi masa. Amma da zarar an sauka daga kwalta an bi hanyoyin burji da ke gefen magudanan ruwa zuwa ƙauyuka, lissafi ya canza, domin ƙasar fadama idan ta jiƙe santsi gare ta, idan ta bushe kuma sawun tarakta da na tirela yakan bar tudu a tsakiyar hanya. Abin da ake dubawa a nan shi ne tazarar cikin mota da ƙasa, wadda a Corolla take wajen santimita 14 zuwa 15, a Sienna wajen 17, a Hilux kuwa ta haura 20, kuma wannan awo na motar da babu kowa a ciki ne. Motar da ta yi ƙasa, tukunyar baƙin mai da salansa ne suke fara gaisawa da dutse. Hanyar da ya kamata mai saye ya auna mota da ita ita ce mafi munin kilomita biyun da ke tsakanin gidansa da kwalta a cikin watan Agusta, domin a kanta ne za a fita da mai naƙuda da tsakar dare. Wannan ba ya nufin sai an sayi jif mai jan ƙafa huɗu, wadda tayarta da manta da gyaranta duk sun fi tsada. Sau da yawa mota mai ɗan tudu da taya mai kyau ta wadatar.

Jin daɗi kuwa a wannan yanki ma'anarsa a fili take. A watan Afrilu zafi yakan kai maki 40, a hunturu ƙura ke cika ido, saboda haka na'urar sanyaya mota da robobin ƙofa da suke rufewa ruf sun fi kujerar fata da allon kallo amfani nesa ba kusa ba. Kujerar fata ma ƙuna take yi idan mota ta yini a rana. Abin da ba a cika sa shi cikin lissafin jin daɗi ba, alhali ya fi komai, shi ne kowane mai zama ya sami bel ɗinsa, ƙofofin baya kuma su kasance da makullin da yake hana yaro buɗewa daga ciki.

Tarihin Peugeot a Arewa ya isa darasi a kan kayan gyara. Tun da kamfanin haɗa ta ya fara aiki a Kaduna a 1975, samfurin 504, musamman mai dogon baya, ya zama motar iyali da ta haya shekaru da dama, ba don ya fi kowace mota kyau ba, sai don yana da tudu, yana da juriya, kuma kowane bakanike na ƙauye yana iya kwance shi ya ɗaure. Wannan matsayi yanzu Toyota da Golf da Sharon ne suka gaje shi. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a tambayi bakaniken da zai riƙa duba motar ko ya san irinta, a kuma leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa a ji farashin injinta da giyarta da famfon manta. Mota mai giyar da take canza kanta tana da daɗin tuƙi a cunkoson birni, sai dai gyaran giyar tsada gare shi, ba kuma a tura ta ta tashi idan batir ya mutu a bakin gona. Motar da aka ga ta yi araha fiye da sa'o'inta, galibi kayanta ne ba a samu, kuma araha ba ta ado.

Saura tambayar Beljiyam ko ta hannu. Beljiyam ita ce wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka aka shigo da ita, ta hannu kuwa wadda aka riga aka hau a gida. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wanda ya sa duk motar da aka ce ta Kwatano ce sai an binciki takardunta na kwastam da kyau, a kuma gwada lambar jikin mota mai harafi da adadi 17 da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke rubuce a takarda. Daga cikin motocin Amurka akwai waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, aka gyara aka yi musu fenti. Ɗaga kafet a duba tsatsa da busasshen laka, da duba ko tazarar ƙofofi ta daidaita, yakan tona asirinsu. Inji a sanyaye ake tayar da shi, da safe kafin dillali ya ɗumama shi, a tsaya a baya a kalli hayaƙi: shuɗi alamar yana shan baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma alamar ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai, idan aka ga kumfa mai kalar kunun gyaɗa to ruwa da mai sun haɗu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara, kuma hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa tana ɗaukar tayar da ta shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki ko da zanenta bai goge ba. Ladan bakanike mai zaman kansa, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba, shi ne kuɗi mafi ƙanƙanta a cinikin gaba ɗaya, kuma ko motar ta tsallake dubansa, akan bar wani kaso na kuɗin a hannu domin juye da bel ɗin inji da batir da canjin suna a takardu, waɗanda kusan kullum suke tasowa a watan farko.