Takardar bashin wanda ya bar gida: mene ne ke kan wanda ya shiga?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka kame Wad Madani a Disambar shekarar, jama'ar Jazira da Sinnar da gaɓar Shuɗin Nilu suka watsu. Bayan sojoji sun ƙwato birnin a Janairun 2025, wasu sun dawo, wasu har yau shiru. Gidaje da yawa a ƙauyukanmu na Hausawa, daga Mai Wurno zuwa wajen Damazin, yanzu ba masu su na da ne a ciki ba. Shi ya sa tambaya ɗaya take yawan zuwa mana: na shiga gida da haya ko saye, ga takardar banki ko ta ɗan kasuwa da sunan wanda ya fita, yaya zan yi?

Asali a Shari'a, bashi yana wuyan wanda ya ci shi ne, ba ya bin ɗaki ko gona. Wanda ya karɓi shail, wato kuɗi ko hatsin da ɗan kasuwa ke bai wa manomi kafin kaka, ko ya yi salam da Bankin Manoma, shi za a tambaya duniya da lahira. Zama a gidansa bai ɗora maka komai ba.

Amma a lura da wurare uku. Na farko, idan ka taɓa tsaya masa lamuni, to mai bashi yana da hanyar bin ka. Na biyu, idan ya rasu kai kuma magajinsa ne, ana biya daga dukiyar da ya bari kafin a raba gado, kamar yadda ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka nuna. Idan dukiyar ba ta kai ba, ba a tilasta maka cikawa daga aljihunka, sai in ka yi don Allah. Na uku, idan gidan ko hawashar jingina ce a hannun mai bashi, haƙƙinsa yana rataye da ita ko da an sayar maka. Don haka a bincika kafin a saya.

Ita kuwa takardar amana ce. Kada ka buɗe abin da aka rufe da sunan wani, kada ka yaga, kada ka karanta wa 'yan majalisa. Idan ka san inda yake, ka isar masa, ko da hoton ambulan ta waya. Idan ya rasu, ka kai wa magadansa, domin ya zo a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Ɓoye takardar cutar da mamaci ne.

Idan ba ka san inda yake ba, ka mayar wa wanda ya aiko. Ka rubuta cewa mutumin ya tashi, ka sa ranar da ka shiga gidan, mutum biyu su shaida, limami ko shehun gari ya sani. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma rubutun nan zai kare ka. Kada ka sa hannu ko dangwale a takardar da ba ka fahimta ba, don kada ka zama mai lamuni ba da saninka ba.

Kada kuma ka yi ƙarya don kare shi. Idan kana tsoron a cutar da shi, ka ce za ka isar da saƙo, ka kuwa isar.

Ku kuma masu bin bashi, ku ji tsoron Allah. Tsoratar da matan gidan da ba su ci muku komai ba zalunci ne. Wanda yaƙi ya raba da gonarsa yana cikin ƙunci, aya ta 280 ta yi umarni a saurara masa har ya samu, yafewa kuwa ta fi alheri.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ne Mafi sani.