Shirun da Tsawar Shugaba Ke Haifarwa

Ranar 27 ga Maris, 1977, jirgin saman KLM da na Pan Am suka yi karo a filin jirgi na tsibirin Tenerife, mutum 583 suka rasu. Hazo ya lulluɓe filin, matuƙin KLM kuma ya soma gudun tashi alhali ba a ba shi izini ba. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗayan jirgin ya kauce daga hanya, matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, daga nan injiniya bai ƙara cewa uffan ba. Matuƙin nan babba ne, mai horar da wasu matuƙa, kuma kwarjininsa kaɗai ya isa ya rufe bakin na ƙasa. To, ina ga shugaban da kullum sai tsawa da barazanar kora?

Irin wannan shugaba yana ɗaukar shirun ma'aikata a matsayin biyayya, alhali ya toshe hanyar da labari ke iso masa ne. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta gano haka a binciken da ta wallafa a 1996 kan kurakuran bayar da magani a asibitocin Amurka. Sassan da ke da kyakkyawan shugabanci su suka fi kai rahoton kuskure, abin da ya ɗaure mata kai da farko. Ashe inda ake cin fuskar mai laifi, ɓoyewa ake yi, kuskuren kuma yana nan, majinyaci ne ke shan wahalarsa. Wanda aka yi wa kaca-kaca gaban abokan aikinsa jiya, yau idan ya hango ɓarna sai ya kau da kai.

Wani zai ce aiki ba ya tafiya sai da tsoro, kuma a lokacin gaggawa ba a kafa majalisa. Maganar gaggawar gaskiya ce. Amma ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bayan haɗarin Tenerife da makamantansa, kamfanonin jiragen sama ba su ƙwace ikon matuƙi ba. Har gobe shi ke yanke hukunci. Abin da suka shigar cikin horo shi ne a koya wa mataimaki ya faɗi damuwarsa ƙarara, ya maimaita idan ba a ji ba, a kuma wajabta wa babba ya saurara kafin ya tura jirgi gaba.